Talalar Mutum-mutumi: Tarihin Rumbun Kaset Na Kwamfuta



Lokacin da nake karatun difloma, an tura ni aikin sanin makamar aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata. Duk ranar Juma'a da yamma shugaban sashen zai zaro wani ɗan akwatin roba daga cikin wata na'ura, girmansa bai fi tafin hannu ba, ya rubuta kwanan wata a takarda, ya ba ni in kai sef ɗin da ke wani ginin daban. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Yallaɓai, wai mene ne wannan?" Ya ce, "Kaset ne." Na yi dariya na ce, "Kaset kuma? Irin na rikoda?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan'uwansa ne. In gobara ta cinye ɗakin nan gobe, da shi za mu buɗe ofis ranar Litinin."

A wancan ofishin ni ne hannun da ke ɗaukar kaset. A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na duniya kuwa, inda kaset ke kai dubu goma ko dubu ɗari, mutum-mutumi ne ke wannan aiki a cikin wani rufaffen ɗaki na ƙarfe. Tarihinsa nake so mu duba yau, musamman wata matsala da ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya: ta yaya za ka ba abin da ke gudu umarni da wutar lantarki ba tare da ka ɗaure shi da waya ba?

ASALIN ZAREN

A shekarar 1928 wani injiniya a Jamus mai suna Fritz Pfleumer ya yi rajistar wata dabara: ya shafa garin ƙarfe a kan siririyar takarda, ya nuna cewa maganaɗisu na iya rubuta sauti a kai. Kamfanin AEG ya ƙera na'urar, kamfanin da aka sani da BASF ya yi zaren na roba, aka nuna ta a baje kolin rediyo na birnin Balin a 1935 da sunan Magnetophon. Kakan kaset ɗin wa'azi da na waƙa da muka taso muka tarar a gidajenmu ke nan.

Kwamfuta ta ari zaren a 1951. Na'urar UNIVAC I, wadda hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta fara saye, tana ajiye bayananta a kan zare na ƙarfe mai faɗin rabin inci. A 1952 kamfanin IBM ya fito da tasa na'urar mai lamba 726, da zare na roba. Daga 1964, da zuwan kwamfutocin System/360, sai faifan zare mai tsawon ƙafa 2,400 ya zama abin da kowane babban banki da ma'aikata ke amfani da shi.

To, a nan ne wahalar ta fara. Faya-fayan nan suna rataye ne a kan kantoci, dubbai a ɗaki guda. Idan kwamfuta tana son wani bayani, sai ta rubuta lambar faifan a allo. Ma'aikaci ya karanta, ya shiga ɗakin ajiya, ya nemo, ya dawo, ya ɗora shi a kan na'ura, ya zura bakin zaren da hannunsa. Duk wannan lokacin kwamfutar miliyoyin daloli tana zaune tana jiran ƙafar ɗan Adam. Mutum kuma ajizi ne. Yakan ɗauko faifan da ba shi ba, yakan mayar da shi gurbin da ba nasa ba, kuma faifan da aka ajiye a gurbin da ba nasa ba cikin dubu ashirin, da shi da wanda ya ɓata duk ɗaya ne.

SAƘAR ZUMA DA RUMBU

A watan Oktoba na 1974 IBM ya sanar da wata na'ura mai lamba 3850. Maimakon faifai, an naɗe zaren a cikin wasu 'yan gwangwanaye masu zagayayyen kai, kowanne yana ɗaukar megabait 50. An jera su a bango cikin ramuka masu kusurwa shida, sak saƙar zuma. Hannayen inji guda biyu ne ke zirga-zirga a gaban bangon, su zaro gwangwani, su kai shi wurin karatu, a kwafe abin da ke ciki zuwa faifan kwamfuta, su mayar da shi. Mafi girmanta tana ɗaukar gwangwani 4,720, wato gigabait 236. Yau akwai wayar hannu da ta fi ta ciki, amma a lokacin abin al'ajabi ne. Sai dai tana da tsada, kuma gwangwaninta ba ya shiga wata na'ura sai ita kaɗai, don haka ba ta bazu sosai ba.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kaset mai kusurwa huɗu da IBM ya fito da shi a 1984, mai lamba 3480, wanda ke ɗaukar megabait 200. Rufaffe ne, zarensa a ciki, na'ura ce ke jawo bakin zaren da kanta. Abu mai kusurwa huɗu kuwa ya fi faifai sauƙin kamawa ga yatsun ƙarfe.

Amma ba IBM ne ya fara cin gajiyar abin ba. A garin Louisville na jihar Kolorado akwai wani kamfani, StorageTek, wanda wasu tsofaffin injiniyoyin IBM su huɗu suka kafa a 1969. A 1984 bashi ya yi masa katutu har ya nemi kariyar kotu. Abin da ya tashe shi daga doguwar suma shi ne na'urar da ya fitar a 1987, mai lamba 4400. Gini ne zagayayye mai kusurwa goma sha biyu, ya fi mutum tsawo, bangonsa na ciki duk gurabun kaset ne, kusan 6,000. A tsakiya akwai mutum-mutumi mai juyawa, yana da hannaye da kyamara da yake karanta lambar da ke jikin kowane kaset. Masu aiki da shi suka riƙa kiransa da kalmar da a Hausa take nufin rumbu, kuma duk wanda ya ga hotonsa zai ga dacewar sunan. Rumbu guda yana ɗaukar kimanin terabait 1.2, ana iya haɗa har goma sha shida, suna miƙa wa juna kaset ta wata 'yar taga. Aikin da ke ɗaukar ma'aikaci mintuna ya koma daƙiƙoƙi.

IBM ya mayar da martani a 1992 da na'ura mai lamba 3495. Shi bai yi zagayayye ba, dogon zaure ya yi, ya sa wani ƙaton mutum-mutumi rawaya irin na masana'antar ƙera motoci yana gudu a kan dogo tsakanin kantoci.

ƊAURIN TALALA

Duk waɗannan injina akwai abu ɗaya da ya haɗa su. Mutum-mutumin ba ya tunani shi kaɗai. Akwai kwamfutar da ke kula da rumbun, ita ce ke riƙe da rajistar kowane kaset da gurbinsa, ita ce ke cewa "je gurbi kaza, ɗauko, kai na'ura kaza." Shi kuma dole ya mayar mata da rahoto: na iso, na kama, ga lambar da na gani, na saki. Ban da magana yana buƙatar wutar da za ta juya motocinsa. Hanya mafi sauƙi ta kai masa duka biyun ita ce a ɗaura masa kebul mai lanƙwasuwa, ya riƙa jan sa duk inda ya je.

Wannan shi ne ɗaurin talala. Akuyar da aka yi wa talala tana kiwo, tana zagayawa, amma iyakarta tsawon igiyar. Matsalolin talalar mutum-mutumi guda huɗu ne, kuma kowa zai iya gane su.

Ta farko gajiyar waya. Ku tuna cajar wayarku, a ina take fara lalacewa? A wuyan da ke yawan lanƙwasawa. To, a ce mutum-mutumi yana kai da komo sau 300 a awa. A yini sau 7,200 ke nan, a shekara sama da miliyan biyu da rabi. Jan ƙarfen da ke cikin kebul komai kyansa yana gajiya, kuma ba ya tsinkewa lokaci ɗaya. Sai ya fara yankewa yana dawowa, injin ya yi ta kuskuren da ba a san dalilinsa ba.

Ta biyu tsawo. Idan aka ƙara wa rumbu sabon ɗaki, tsohon kebul ba zai kai ba. A rumbunan IBM masu lamba 3584, waɗanda suka fito a 2000 kuma ake iya jera ɗakunansu har goma sha shida, kebul ɗin dogo kala-kala ake sayarwa gwargwadon yawan ɗakunan da aka jera.

Ta uku nauyi. Dogon kebul kaya ne, mota sai ta ja shi kafin ta ja kaset.

Ta huɗu ita ce babba. Mutum-mutumi ɗaya idan ya lalace, rumbun gaba ɗaya ya tsaya, bayanan banki ko na asibiti suna ciki amma ba mai miƙo su. Maganin shi ne a sa da yawa. To, ka ɗaure awaki takwas da dogayen igiyoyi a fili ɗaya ka ga abin da zai faru kafin azahar.

MAGANA DABAN, ABINCI DABAN

Tunanin sarrafa inji daga nesa ba sabo ba ne. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin Niyok wani ƙaramin jirgin ruwa da yake juyawa da igiyar rediyo, ba waya tsakaninsu. Amma akwai abin lura a jirgin nan: batirinsa yana cikinsa. Rediyo umarni kawai ta kai masa, ba ta kai masa ƙarfin juya farfela ba.

Wannan ita ce katangar da injiniyoyin rumbun kaset suka tarar. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 kamfanonin wannan fanni sun yi ta rajistar dabarun raba mutum-mutumi da kebul. Ta ɓangaren magana, akwai igiyar rediyo, akwai kuma hasken nan da ido ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aikawa. Kowanne da cikas ɗinsa. Haske yana son miƙaƙƙiyar hanya, da wani abu ya gitta magana ta yanke. Rediyo kuma a cikin akwatin ƙarfe sai ta yi ta dukan bango tana dawowa kamar amsa-kuwwa, ga motoci na ta tartsatsin lantarki a kusa. Sannan akwai tambayar da ba a wasa da ita: idan magana ta yanke daidai lokacin da hannu ke gudu da kaset, me zai yi? Dole a gina shi yadda da zarar ya daina jin uwar ɗakinsa zai tsaya cak, kuma dole kowane umarni ya samu amsa kafin a aika na gaba. Ga kuma tsaro, don abin da ya tashi a iska wani ma na iya kama shi.

Ta ɓangaren abinci kuwa, batir yana da nauyi kuma yana ƙarewa, sai injin ya bar aiki ya tafi caji. Akwai dabarar tura wuta ta maganaɗisu ba tare da taɓawa ba, irin yadda wasu wayoyin zamani ke caji a kan faranti. Akwai kuma tsohuwar dabarar jirgin ƙasa mai lantarki: a sa wutar a jikin dogon, injin ya riƙa shafa yana sha.

Wannan ta ƙarshen ce ta fi fitowa fili. A 2004 StorageTek ya fitar da rumbu mai suna SL8500. A cikinsa akwai dogo huɗu, ɗaya bisa ɗaya kamar hawan bene, kowanne ya lanƙwashe kamar kofaton doki. A kan kowane dogo ana ɗora ƙaramin mutum-mutumi ɗaya ko biyu, mai suna HandBot, wato har takwas a rumbu guda. Babu kebul da ke bin ko ɗaya daga cikinsu. An shimfiɗa siraran jan ƙarfe a jikin dogon, shi kuma injin yana da burushi da ke gogar su, irin burushin da mai gyaran janareta ke canzawa. Ta nan yake samun wuta, kuma ta nan ɗin dai saƙonni ke bi tsakaninsa da kwamfutar rumbun. Wato ba iska aka ba amanar maganar ba, an ɗora ta ne a kan hanyar da injin ke takawa.

Ribar ta bayyana nan take. Idan aka ƙara ɗaki, dogo kawai za a ƙara. Idan inji ɗaya ya mutu, abokin dogonsa zai tura shi gefe zuwa wurin gyara ya ci gaba da aikin su biyu, injiniya ya zo ya cire mataccen ba tare da an kashe rumbun ba. Akwai lif da ke kai kaset daga hawa zuwa hawa. Rumbu guda yana ɗaukar kaset kimanin 10,000 da na'urorin karatu 64, kuma ana iya haɗa goma su zama gida ɗaya mai gurabu 100,000. Shekara guda bayan fitowarsa, a 2005, kamfanin Sun Microsystems ya saye StorageTek a kan dala biliyan 4.1, shi ma Sun ɗin Oracle ya haɗiye shi a 2010.

Kada mu ɗauka cewa daga nan kebul ya mutu. IBM ya ci gaba da amfani da shi a manyan rumbunansa, ya inganta shi, ya tsara yadda injina biyu za su raba dogo ɗaya ba tare da sun sarƙe ba. Burushi ma yana cinyewa, dogo yana datti. Kowace hanya da kuɗin da ake biya mata, injiniya zaɓa yake yi tsakanin lalacewar da zai iya hangowa da wadda ba zai iya ba.

Inda rediyo ta yi nasara ba gardama shi ne a cikin kaset ɗin kansa. A 2000 kamfanonin HP da IBM da Seagate suka fitar da wani nau'in kaset na bai ɗaya mai suna LTO, na farkonsa yana ɗaukar gigabait 100. Irinsa ne nake kaiwa sef ranar Juma'a. A cikin kowanne akwai wani ɗan ƙwayar lantarki da ba shi da batir kuma ba ya taɓa komai. Idan na'ura ta matso, igiyar rediyon da take fitarwa ce ke ba shi wutar da zai farka ya yi magana: ga lambata, ga sau nawa aka ɗora ni, ga inda rubutu ya tsaya. An karkata shi a kusurwa yadda za a iya karanta shi ta ƙasa ko ta baya, domin na'urar karatu da hannun mutum-mutumi duk su iya jin sa. A nan magana da abinci duk ta iska suka zo, saboda cikin ɗan ƙwayar ƙarami ne, kaɗan yake ci.

ME YA SA HAR YANZU?

Wani zai ce, a zamanin intanet wa ke ta kaset? Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Fabrairu na 2011. Wani kuskure a sabuwar manhaja ya goge wasiƙun wasu masu amfani da Gmail, kimanin kashi 0.02 cikin ɗari. Google yana da kwafi a cibiyoyi daban-daban, amma kuskuren ya bi su ya taɓa, domin duk a kunne suke, a haɗe da juna. Abin da ya tsira shi ne kwafin da ke kan kaset, kuma daga nan aka dawo wa mutane da wasiƙunsu. Kaset ɗin da ke zaune a gurbinsa ba ya haɗe da komai. Ba ya cin wuta, kuma ɓarawon intanet da ke kulle bayanan mutane ya nemi kuɗin fansa ba shi da hanyar isa gare shi sai hannun ƙarfe ya ɗauko shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba ta sanar a 2017 cewa bayanan da ta tara a kan kaset sun kai petabait 200, wato terabait 200,000. Kaset ɗin LTO na tara, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar terabait 18. Ku kwatanta da rumbun 1987: kaset ɗaya da zai shiga aljihun babbar riga ya cinye rumbu goma sha biyar.

Sai dai ajiya ba ta cika ajiya sai an san inda take. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta goge kaset ɗin shirye-shiryenta da dama don ta sake ɗaukar wasu a kai, ciki har da sassa masu yawa na wasan kwaikwayon Doctor Who. Aka yi shekaru ana neman su. A 2013 aka sanar cewa an gano sassa tara da suka ɓata, na 1967 da 1968, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Kwafi ne na fim da aka aiko don nunawa, suka zauna a kan kanta shekara da shekaru. Ba wanda ya lalata su, amma ga masu neman su ɓatattu ne, don babu rajistar da ke cewa ga inda suke.

Wannan ne ainihin aikin mutum-mutumin rumbu, ya fi ɗauka da ajiyewa. Duk lokacin da mutum ya buɗe ƙofar rumbun ya shiga, da ya fita aka rufe, injin zai bi gurabun ɗaya bayan ɗaya yana karanta lambobi, yana faɗa wa kwamfuta abin da ya gani, har rajista ta dace da abin da ke kan kanta. Shi ya sa hanyar maganar da ke tsakaninsu, ta kebul ce ko ta dogo ko ta iska, ta zama abin da injiniyoyi suka ba shekaru. Idan ta yanke, kaset dubu ɗari sun koma irin gwangwanayen Jos.

Akwai kuma tarkon da ya kamata mu sani. Masu ƙera kaset ɗin LTO suna cewa zai iya kai shekara talatin idan an adana shi a wuri mai sanyi marar laima. Amma na'urar karanta shi ba ta jira. Har zuwa na bakwai, sabuwar na'ura tana karanta kaset na zubi biyu da suka gabace ta. A na takwas da na tara aka rage zuwa zubi ɗaya. Don haka a manyan cibiyoyi injinan nan ba sa hutawa ko da ba wanda ya nemi komai. Dare da rana suna kwashe bayanai daga tsohon kaset zuwa sabo, kamar yadda magabata suka riƙa kwafe littafi da hannu kafin gara ta gama da tsohon.

Mu da muke rubuta littattafanmu a waya, mu tura su guruf, mu ɗauka sun zauna ke nan, yana da kyau mu tuna da MySpace. A 2019 wannan dandali ya amsa cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya na'urori, an ƙiyasta waƙoƙin sun kai miliyan 50. Masu su da yawa ba su da wani kwafi.

Ni dai tun daga wancan ofishin na ɗauki al'adar Juma'a. Ba ni da kaset, ba ni da mutum-mutumi. Filas ce da ni guda biyu da wani ɗan littafi da nake rubuta sunan kowane labari da kwanan watan da na kwafe shi. Ɗaya tana jakata, ɗaya tana gidan yayata a wata unguwar, kuma ba a jona take da komai ba.